Sawu Uku Zuwa Kaduna a Bayan Gasar Gajiyayyu

Yayata ce ta kira ni bayan sallar isha'i, ko gaisuwa ba mu gama ba ta ce, "Ka zo ka yi wa ɗanka magana. Ya ajiye ɗinki ya koma ƙwallo gaba ɗaya." Shi ne ɗanta na uku, shekararsa 20, kuma tun rasuwar mahaifinsa duk maganar da ta yi mata nauyi ni take miƙo wa. Na tambaye ta wace ƙungiya ce ta ɗauke shi. Ta ce ita ba ta riƙe suna ba, ta dai ji ƙannensa na cewa ta rukuni na biyu ce. Na ce, "Au, gasar gajiyayyu." Haka kalmar ta fito daga bakina, don haka muke kiranta a Kano. Lokacin da Kano Pillars ta faɗo daga gasar Firimiya ta ƙasa a 2022, babu majalisar da ba a tauna wannan kalma ba a Kantin Kwari, har ƙungiyar ta koma sama a 2023. Na yi wa Yaya alkawarin zan zo. Niyyata in zaunar da yaron, in nuna masa hanya, in mayar da shi kan kekensa.

Ranar Juma'a da duku-duku na shiga mota a tashar Unguwa Uku. Hunturu ya kankama, hazo ya sauko har ba ka hango motar da ke gabanka sai fitilunta. Muka wuce Kura, muka wuce Kwanar Ɗangora, a Tashar Yari direba ya tsaya muka sha shayi a tsaye hannu na karkarwa. Hanyar nan ta haura kilomita 200, kuma na bi ta sau ba adadi, amma kullum da zarar an bar Zariya an miƙi Jaji sai in ji ƙirjina ya fara motsi. A Kaduna aka binne cibiyata. Mahaifinmu ma'aikacin masaƙa ne a Kakuri, da jiniyar kamfani yake tashi, ni kuma ban bar garin ba sai da na tara gemu. Da muka wuce Mararrabar Jos da Rigachikun, gadar Kawo ta ɓullo daga cikin hazo, na ji kamar an ce mini sannu da dawowa.

Daga Kawo na hau Keke Napep, abin da mu Kanawa ke ce wa adaidaita sahu, zuwa Tudun Wada. Yaya ta tare ni da koko da ƙosai, ban kai ga rabin kwano ba ta ja ni zaure ta nuna mini keken ɗinkin a kusurwa, an lulluɓe shi da tsohon zani. "Wata biyu ke nan ba a taɓa shi ba," in ji ta. "Maigidansa da ya koya masa sana'ar har gida ya zo yana cigiya. Me ƙwallo za ta ba shi? Ƙafa ce jarinsa, ranar da ta karye shi ke nan." Ban musa mata ba, abin da ke raina ke nan. Yaron ba ya kwana a gida, suna wani gida da ƙungiya ta kama musu, wanda suke ce wa kam. Na yi Juma'a a Masallacin Sultan Bello, da la'asar sakaliya na nemi gidan.

Ɗakuna huɗu ne, katifu a ƙasa, an ɗaura igiya daga taga zuwa taga an shanya jesi da safa. Takalman ƙwallo jere a bakin ƙofa, kaɗan ne sababbi, sauran duk sun sha zaren mai gyaran takalmi a baki. Ɗan nawa ya taso da sauri ya durƙusa. "Kawu, sannu da zuwa. Ba a faɗa mini kana tafe ba." Ya rame, amma ramar mai ƙarfi, ta wanda ke gudu safe da yamma. Ya shiga nuna mini abokansa: wannan daga Kafanchan, wannan ɗan Sabon Tasha, wancan Banufe ne daga Bida, dogon da ke tsaron raga kuma daga Inugu ya zo. Ɗaki ɗaya, dardumar salla a wannan kusurwa, Littafi Mai Tsarki a kan akwati a waccan. Wanda ya san Kaduna ya san abin da ya tsayar da ni ina kallo. Tun rikicin 2000 da na 2002 kogin Kaduna ya zama kamar iyaka, Musulmi suka tattaru a arewacin gari, Kirista suka koma kudu, har aka samu yaran da suka girma ba su taɓa haɗa hannu a kwano da na tsallake ba. Nan kuwa ga su tara a kan tire ɗaya na shinkafa da wake. Maganar da na ƙunso tun daga Kano sai na ga ba muhallinta ba ne. Na ce masa sai bayan wasan jibi.

Da zai raka ni ya tsaya a bakin ƙofa ya ɗauki tsinke. "Kawu, bari in nuna maka yadda abin yake." Ya ja layi uku a ƙasa. Na sama gasar Firimiya, NPFL, mai ƙungiyoyi 20. Na tsakiya tasu, NNL. Na ƙasa NLO, inda ya yi shekara biyu kafin a gan shi. Ya raba layin tsakiya gida biyu, Arewa da Kudu, kowane ɓangare kuma an sake kasa shi rukuni-rukuni don rage nisan tafiya. A lokacin, waɗanda suka ƙare a saman rukuninsu su ke zuwa wasan ƙungiyoyi takwas da ake kira Super 8, a tara su a gari ɗaya, huɗu su hau sama. Na ƙasan tebur kuwa su gangara. "Maki uku in ka ci, ɗaya in an yi kunnen doki. Wasannin gida ba a wasa da su, Kawu. Wanda ya zubar da maki a gida, kakarsa ta ƙare." Yana magana yana share layin da ƙafa, kamar mai tsoron kada wani ya taka.

Da safiyar Asabar na tsallaka gada na nufi Kakuri, wurin wani dattijo abokin mahaifinmu da suka yi aiki a sashe ɗaya. Idonsa ya yi rauni amma ya gane muryata tun daga sallama. Ya ce in kama hannunsa mu taka. Muka bi ta gefen katangun masaƙu, ciyawa ta fi mutum tsawo a inda dubban ma'aikata ke fitowa a kan kekuna in an tashi aiki. Masaƙar KTL, wadda aka buɗe a 1957 zamanin Sardauna, ta tsaya a 2002. Ta UNTL ta rufe a 2007. Na faɗa masa abin da ya kawo ni, na kuma maimaita kalmar nan. Sai ya tsaya cak.

"Gajiyayyu? Ɗan nan, kai da aka haifa a nan kake faɗin haka?"

Na ce, "Baba, a yi haƙuri, haka ake cewa a can."

Ya nuna wajen kamfanin ƙera makamai na DIC da sandarsa. Daga can, in ji shi, Ranchers Bees ta fito, sunanta na farko DIC Bees, kafin Alhaji Mukhtar Aruwa ya karɓe ta ya canza mata suna. A 1988 ta kai wasan ƙarshe na Kofin Zakarun Kofunan Afirka, CA Bizertin ta Tunisiya ta raba ta da kofin da ƙwallo ɗaya tal a wasa biyu. Shekara na zagayowa, 1989, ta ɗauko kofin WAFU na Afirka ta Yamma ta kawo Kaduna. A cikin wannan ƙungiya wani yaro ya taso, Daniel Amokachi, wanda ya wuce Club Brugge ta Beljiyam a 1990. Masaƙar UNTL ma tana da tata ƙungiyar. "A lokacin ɗan wasa ma'aikaci ne," in ji Baba. "Yana da lambar aiki, yana da albashi ƙarshen wata, in ƙafa ta gaji yana da wurin komawa. Mu kuma in an tashi aiki sai fili. Ba gayyata ake yi ba, namu ne ke bugawa."

Ya ci gaba da lissafi da yatsunsa. Tawagar da ta ciyo wa Najeriya zinare a gasar Olamfik ta Atlanta a 1996, biyar daga cikinta 'yan Kaduna ne: Amokachi, Tijjani Babangida, Garba Lawal, da 'yan gida ɗaya Celestine da Emmanuel Babayaro. A wasan ƙarshe da aka doke Ajantina 3 da 2, ƙwallo biyu daga cikin ukun Celestine da Amokachi ne suka ci. A 2010 Kaduna United ta ɗauki Kofin Ƙalubale, ta yi 3 da 3 da Enyimba sannan ta ci a bugun fenariti. Sadiq Umar, da ya ci biyu a ragar Honduras ranar da aka samo tagulla a gasar Olamfik ta Rio ta 2016, shi ma ɗan garin nan ne. "Duk waɗannan a filin ƙura suka fara. Akwai wanda aka haifa a saman tebur?"

A hanyar komawa Tudun Wada na yi ta juya maganarsa. Ni mai sayar da atamfa ne, na san abin da mutuwar masaƙu ta yi wa kasuwa, amma ban taɓa haɗa ta da ƙwallo ba sai ranar. Da kamfanoni suka kwanta, ƙungiyoyi suka rage a kan ƙafa biyu kawai: ko gwamnatin jiha, ko attajiri ɗaya mai sha'awa. In kuɗin gwamnati ya makale a ofis, yara su kwana da yunwa. In attajirin ya gaji ko siyasa ta juya, ƙungiya ta watse. Kuɗin ƙofa da ya kamata ya zama ƙafa ta uku babu shi, saboda mutanen gari sun daina zuwa. Na wuce ta gaban filin wasa na Ahmadu Bello, wanda ya karɓi wasannin Kofin Duniya na 'yan ƙasa da shekara 20 a 1999 da na 'yan ƙasa da 17 a 2009, na tuna yadda muke rataye a jikin motoci don mu samu shiga.

Ranar Lahadi ƙarfe huɗu ne wasan. Tun daga Kasuwar Bacci har filin da suke karɓar baƙi na ƙirga gidajen kallo bakwai, kowanne da allo a ƙofa an rubuta wasannin Ingila da alli, janareta na ruri, babura sun cika bakin titi, samari na biyan kuɗi suna kutsawa cikin zafi da duhu. A filin kuwa kujeru sun fi mutane yawa nesa ba kusa ba. Akwai 'yan ganga su biyar, da mai kakaki ɗaya, da tsofaffi irin su Baba da suka san wurin zamansu, da masu sayar da rake da gyaɗa, da almajirai da aka bari suka shiga bayan an fara. Ban ga mai ɗaukar hoton talabijin ba. Kafin a busa, yaran suka yi da'ira a tsakiyar fili, kafaɗa da kafaɗa, aka yi Fatiha, sannan ɗan Kafanchan ya yi tasu addu'ar, kowa ya ce amin.

Lamba shida ɗana ke bugawa, a gaban 'yan baya. Aiki ne da ba a yi masa tafi. Shi ke tare ƙwallo in ta taso, ya ƙwace, ya miƙa wa na kusa, ya koma wurinsa. Filin ya bushe ƙamas, ƙwallo na tsalle yadda ta ga dama, duk wanda ya faɗi sai ya tashi da ƙujewa. Na zuba masa ido shi kaɗai na kusan minti ashirin, sai na lura kafin ƙwallo ta iso gare shi ya riga ya waiga sau biyu ya san inda zai kai ta. Irin wannan waigen na taɓa gani a wurin Garba Lawal. Ban ce ya kai shi ba, kuma mai yiwuwa ba zai taɓa kai shi ba, amma abin da na gani sana'a ce da aka koya da wahala, kamar yadda ake koyon yanka wuyan riga. Bayan hutun rabin lokaci aka samu kwana, ɗan Kafanchan ya tashi sama ya sa kai, raga ta motsa. Baba, da ba ya ganin komai sai inuwa, ya miƙe tsaye da jin ganga yana tambaya, "Wa ya ci? Wa ya ci?" Aka tashi ɗaya da nema.

Da dare na ce wa Yaya, "A bar shi ya ƙarasa kakar nan." Ta daɗe tana kallona. "Kai ma ya saye ka ke nan." Na ce mata na dai ga abin da ban sani ba. Washegari na koma Kano.

Zuwana na biyu cikin azumi ne, kuma ban shirya shi ba. Na je Abuja kan harkar kaya, na hau jirgin ƙasa daga Idu zuwa Rigasa, layin da aka buɗe a 2016, da nufin in kwana ɗaya in wuce. Na sha ruwa a gidan Yaya, na tambayi yaron, ta ce sun tafi wasa wani gari can arewa maso gabas tun shekaranjiya, yau ake sa ran dawowarsu. Abin da ya ba ni mamaki, keken ɗinkin a buɗe yake, ga yadudduka a tare a gefe. Ta ce wata biyu ba a ba su albashi ba, alawus ɗin wasa ma sai an ci ake ganinsa, shi ya sa in an gama atisayen yamma yake zuwa ya yi ɗinkin Salla har ƙarfe ɗaya na dare, ya koma kam. Da kuɗin ya sayi takalmi. Tana faɗa tana kawar da kai, ban gane ko haushi take ji ko alfahari ba.

Bayan tarawihi na tafi kam na zauna a benci tare da maigadi. Sha ɗaya ta wuce, sha biyu ta wuce. Na kira wayar yaron, ya ce sun bar Jos, taya ta fashe kafin Saminaka, sun tsaya canzawa. Duk wanda ya san hanyoyinmu ya san abin da ke zuwa zuciyar mutum in nasa na kan titi cikin dare. Na yi ta jan carbi. Sai wajen ƙarfe biyu da rabi fitila ta haske layin, bas mai kujeru 18 ta tsaya, jakunkuna ɗaure a samanta. Na tsaya ina ƙirga masu fitowa har na wuce ashirin. Dogon mai tsaron ragar nan sai da aka kama shi, gwiwoyinsa sun ƙage saboda naɗewa. Wani ya sauko da ƙafa a kumbure an ɗaure ta da tsumma, ƙanƙarar da aka sa masa ta narke tun a Bauchi. Babu mai magana. Da safiyar ranar wasan suka isa garin, bayan wuni da kwana a hanya, suka buga cikin rana, da yawansu da azumi a baki, suka riƙe wasa babu ci har minti 90, a cikin ƙarin lokaci aka ba masu gida fenariti. Suna fitowa daga fili suka shiga mota, don babu kuɗin ƙarin kwana a masauki.

A nan, a tsaye a bakin wannan bas, kalmar da nake faɗa da wasa ta dawo mini. Gajiyayyu ne, wallahi, ban taɓa ganin gajiya irin wannan ba. Amma mu a majalisa in mun faɗe ta muna nufin waɗanda suka gaza, waɗanda ƙwallo ta ƙi. Su kuwa hanya ce ta gajiyar da su, da yunwa, da jiran albashi. Tun daga daren ban sake furta ta ba, in wani ya faɗa a gabana kuma sai na ba shi labarin bas ɗin nan.

Kocinsu, mutum mai furfura da sanyin murya, ya zauna kusa da ni yana jiran a dafa sahur. Na yi masa jaje na ce an zalunce su. Ya girgiza kai. "Alhaji, a gasar nan kunnen doki a waje kamar nasara yake. Ban ce kowace fenariti gaskiya ce ba, amma ka sa kanka a wurin alƙalin wasa. Shi ma motar haya ya hau ya je. Yana tsakiyar mutanen gari, 'yan sanda ba su fi a ƙirga da yatsu ba, babu kyamarar da za ta nuna gaskiyarsa gobe. Ka ba shi tsaro, ka ba shi haƙƙinsa a kan lokaci, ka sa a ɗauki wasan kowa ya gani, sannan ka tuhume shi." Na ga gaskiyarsa, ko da yake har yanzu ina ganin akwai masu busa da sun san abin da suke yi. Ya ce kada in raina rukunin nan. El-Kanemi Warriors ta Maiduguri tana cikinsa ta ɗauki Kofin Ƙalubale a 2024, ta doke Abia Warriors ta gasar Firimiya 2 da nema a Legas, ta kuma hau sama a shekarar. Ni ma da bakina zan ƙara da Barau FC ta Kano da Wikki Tourists ta Bauchi, da suka fito daga Super 8 na Asaba a 2025 tare da Warri Wolves da Kun Khalifat. Ƙofar a buɗe take, sai dai ƙunci gare ta.

Muka yi sahur tare a kan tabarma, tuwon da ya kwana da miyar kuka da ruwan shayi. Ɗan Sabon Tasha da mai tsaron raga ba azumi za su yi ba, amma suka tashi suka zauna da mu. Ɗana na gefe da allura da zare yana ɗinke wandon wani da ya yage a wasan, idonsa na rufewa yana buɗewa.

Zuwana na uku shi ne ranar wasan ƙarshe na rukuni, farkon damina. Wannan karon da niyya na zo, na rufe shago kwana biyu. Suna na uku a tebur, maki ɗaya tsakaninsu da ta biyu. Sai sun ci, sannan ita ta biyun ta kasa ci a nata wasan, kafin su samu gurbin Super 8. An sa duk wasannin lokaci ɗaya don kada wani ya san sakamakon wani ya yi ciniki. An yi ruwa da daddare, garin ya wanku, kogin Kaduna ya fara ɗaukar jan ruwa, filin da na bari ƙura ya yi kore a gefe-gefe, tsakiya kuma taɓo.

Ina ɗaura agogo Yaya ta fito da hijabinta na unguwa. Na ce, "Yaya, ina zuwa?" Ta ce, "Inda za ka." Shekararta hamsin da ɗoriya a garin nan, ba ta taɓa taka filin ƙwallo ba. Muka biya Kakuri muka ɗauko Baba, mu uku a Keke ɗaya.

Mutane sun fi na ranar farko, don labari ya zaga unguwanni. 'Yan ganga sun ƙaru, wasu samari ma sun baro gidajen kallo sun shigo da rigunan ƙungiyoyin Turai a jikinsu. Kusan kowa da waya a kunne, kowa na da wani ɗan'uwa ko aboki a garin da ake ɗaya wasan. Minti goma sha biyar da farawa ɗan Bida ya ci. Kafin hutu aka ƙara ta biyu. Can kuma, in ji masu waya, babu ci. Yaya ba ta san satar gida ba, ba ta san dalilin da ake ɗaga tuta ba, ɗanta kawai take bi da ido tana motsa baki. Da wani ya shiga masa da ƙafa biyu ya faɗi cikin taɓo, ta miƙe tsaye ta ce, "Wayyo ɗana!" da ƙarfin da har 'yan benci suka waiwayo. Ya tashi, ya share fuska da gefen riga, ya ɗaga mata hannu, ya koma wurinsa.

Aka busa tashi a wurinmu, 2 da nema. Babu wanda ya fita. Yaran suka tsaya a tsakiyar fili cikin laka, koci na riƙe da waya da hannu biyu, filin ya yi tsit har kana jin kukan kwaɗi daga lambatu. Can an ƙara minti shida, in ji wani. Muka jira. Sai na ga kocin ya sauke wayar a hankali ya sa a aljihu. Ba sai ya yi magana ba. Ta biyun ta ci a can, a minti na ƙarshe.

Wasu suka zube a ƙasa. Mai tsaron raga ya rufe fuska da safar hannunsa. Baba ya matse hannuna ya ce in kai shi bakin waya, na kai shi, ya ɗaga murya yana kiran su da lambobinsu, "Lamba shida! Lamba huɗu! Ku tashi, kun yi aikinku! Allah Ya yi muku albarka!" Masu ganga suka ɗauka, mutane suka fara tafi, yaran suka tashi ɗaya bayan ɗaya suka zo suka gaida tsofaffin. Da ɗana ya iso wurinmu ya durƙusa a gaban mahaifiyarsa, bai iya cewa komai ba sai "Umma." Ta kama gefen hijabinta ta goge masa lakar da ke goshinsa. "Ka ci abinci kuwa tun safe?" ta tambaye shi.

A gida ya kwana ranar, an sallame su sai an neme su. Wasu za a riƙe su, wasu za su tafi gwaji wata ƙungiya, wasu kuma daga nan sun bar ƙwallo ke nan, ko da yake a daren babu wanda ya san rabonsa. Na ba shi yadi turmi biyu da na zo da su daga Kwari, na ce ya ɗinka mini kaftani, sauran ya yi jari. Ya ce koci ya ce su ci gaba da gudu da kansu kada jiki ya mutu, shi da ɗan Sabon Tasha sun yi alkawarin haɗuwa a Dandalin Murtala kowace safiya, kowa ya taso daga nasa ɓangaren.

Da asuba, bayan mun dawo masallaci, na ɗauki jakata zan kama hanyar Kawo. Takalmansa na jingine a bakin rijiya, an wanke su tas an cusa musu takarda don su bushe, kuma na san ba shi ya wanke ba, don ya riga kowa barci. Ya fito da tef a wuya ya ce, "Kawu, tsaya in auna ka kafin ka tafi." Na ajiye jakar na buɗe hannuwa. Yaya na daga ɗaki tana cewa ya yi sauri kada in rasa motar farko.